Ƙwallo a Hannun Gwaggo

Ni ba mai saurin yabo ba ce. Ko a makaranta an san ni da haka: in abu bai yi ba sai in ce bai yi ba, ko na wane ne. To amma akwai wata mace da na gani tana wasan ƙwallon kwando a shekarar da aka samu mulkin kai, wadda har yau in na tuna ta sai in ajiye abin da ke hannuna.

Ina ajin ƙarshe a makarantar 'yan mata ta nan Sakkwato. Wasan da muka tarar shi ne wanda ake tsayawa cik da ƙwallo a hannu, ba a gudu da ita, sai dai a jefa wa 'yar'uwa. Sai aka kawo mana sabuwar malama, Baturiya siririya mai saurin magana. Ta kalli wasanmu sau ɗaya ta ce wannan na tsofaffi ne, za ta koya mana wanda ake gudu ana buga ƙwallo da ƙasa. Filinmu rairayi ne, ƙwallo in ta faɗi sai ta kwanta abinta. Aka sa jakuna suka kwaso marmara daga wajen Arkilla, aka kira matan gari masu daɓe, suka zo da madaɓai da ruwan makuba, suka yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe, kafinta ya kafa alluna, muka saƙa raga da igiyar rama. Aka kewaye wurin da zana don kada namiji ya leƙa. Ba a jima ba na zama wadda ta fi kowa a makarantar, kuma ban ɓoye wa kowa cewa na sani ba.

Malama tana da ƙawa mai aikin asibiti a can ƙasar da Faransawa ke mulka, bayan Ƙonni. Ta bakinta muka ji akwai ƙungiyar mata masu wannan wasa a babban birninsu. Ba 'yan makaranta ba, manyan mata ne: ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, masu haɗa waya. An ce sun sha zuwa wasa wasu ƙasashe har bakin teku. Aka shirya za su riƙa zuwa muna karawa. Su za su zo, don mu babu uban da zai bar 'yarsa ta ƙetare iyaka saboda ƙwallo.

Zuwansu na farko kafin ruwa ya sauka ne. Aka sauke su a makaranta, ban da shugabarsu, wadda ta ce tana da gida a gari. Gidan kuwa namu ne. Babana fatoma ne a kara, wato kasuwar shanu, shi ke saukar da masu kawo shanu daga arewa, ya ba su ɗaki, ya nema musu masaya. Yayan matar nan ya daɗe yana sauka wurinsa har sun zama kamar wa da ƙane. Malama ta sallame ni in je gida in kula da baƙuwa.

Na tarar da ita zaune a tsakar gida tare da Inna, doguwa, baƙa, da zane biyu irin na Arawa a kowane kunci daga baki har kunne. Tana ɗaure da zani kamar kowa, yaro na shan nono a cinyarta, tana tauna goro. Ungozoma ce a asibiti. Baba ya leƙo daga zaure ya ce mini, "Ga gwaggonki nan. Ƙanwata ta, ki riƙe ta yadda ya kamata." Na durƙusa na gaishe ta. Na kawo mata fura, na zuba mata ruwan wanke hannu, na ɗauke kwanon da ta ci. A raina na ce, wannan ce za ta yi gudu? Ai kafin ta juya na wuce.

Washegari da la'asar filin ya cika da mata. Iyayenmu, matan ma'aikata, masu daɓe da suka zo ganin abin da za a yi da aikinsu. Muka fito cikin rigunanmu masu tsawo da wanduna har idon sawu. Can sai ga su sun fito daga aji a jere, gajeren wando, 'yar riga ba hannu, farin kambas a ƙafa, kai ba ɗankwali. Wurin ya ɗauki salati. Na ji wata tsohuwa ta ce, "La ilaha, an sace musu zannuwa!" Gwaggo tana gaba. Ta miƙa wa Inna yaron, ta karɓi ƙwallo.

Ban san yadda zan faɗa ba, amma zan gwada. Mu in muna buga ƙwallo da ƙasa idonmu na kanta, kamar mai kora kaza. Ita ba ta duba ta ko sau ɗaya ba. Ƙwallon na zuwa ƙasa tana komowa tafin hannunta kamar an ɗaura mata zare. Ƙarar kuwa ba irin tamu ba ce, fat, fat, ba tsari. Tata lugude ce, irin na matan da suka gwanance da daka, a sassauta, a ƙara wuta, a tsaya cak, a sake ɗauka. Tana kallon gabas ta jefa yamma, kuma can ɗin akwai hannu yana jira. Da ta iso gindin allo ta tashi sama, na rantse ta daɗe a can fiye da yadda ya kamata mutum ya daɗe, ta saki ƙwallo da kan yatsu, ta ratsa raga ba ta ko taɓa ƙarfe ba. Matan da suka gama salati ɗazu suka rangaɗa guɗa.

Ni aka ba aikin tare ta. Tarewa kuwa shi ne ki tsaya gaban mutum, ki ware hannuwa, ki zuba masa ido, in kin samu dama ki fizge abin da ke hannunsa. Ta taho da gudu. Na shirya. Tana isowa kusa, ƙafata ta ja da baya da kanta, kaina ya sunkuya, na ba ta hanya. Ban yi niyya ba. Tun ina rarrafe aka koya mini cewa ba a tsaya wa babba a hanya, ba a kallonsa cikin ido, kuma abin da ke hannunsa sai in ya miƙo. Jiya-jiya na zuba wa matar nan ruwan wanke hannu. Ta sake tahowa, na sake kaucewa. Akwai lokacin da kafaɗarmu ta gogu, na ji bakina ya ce, "Yi haƙuri, Gwaggo." Na waiga, duk 'yan'uwana haka suke yi. Wata ma ƙwallo ta kuɓuce wa matar da take tarewa, ta ɗauka ta miƙa mata da hannu biyu.

Malama ta yi ta hura usur tana ihu har fuskarta ta yi ja. Aka ci mu, ci na banza. Ni ko a jikina. Na koma makaranta ina jin luguden nan a kunnena, ina kwana ina tashi da shi. Abin da nake so kawai su dawo in sake gani.

Suka dawo da tsakar damina, jikinsu duk laka, don motarsu ta kafe a hanya sai da suka sauka suka tura. Kafin nan Malama ta sha yi mana faɗa, mu kuma mun sha yin alkawari. A tsakaninmu muna fizge ƙwallo har da yakushi. Amma da muka tsaya gaban matan nan masu 'ya'ya, sai jiki ya koma wa abin da ya sani. Na lura wannan karon Gwaggo ba ta ko tashi sama ba. Tafiya kawai take yi tana jefawa.

Da safe kafin su tafi, ina shara a tsakar gida, ta kira ni gaban Inna.

"Ɗiyata, zamna. Matanmu sun ce daga zuwa na gaba sun gama. Mun bar aiki, mun bar ɗiya, mun tura mota cikin caɓi, mun zo ana gaishe mu. In gaisuwa ta, ai sai mu aiko da goro mu huta."

Na ce, "Gwaggo, za mu gyara."

"Haka kunka ce wancan karon. Za mu zo makon bikin ƙasarku, don mun yi alkawari. In ba a samu mai tare mu ba, shi ke nan. Ke ma kina da hannu, na gani. Amma hannu ba ido aikin banza na."

Inna ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Ke dai ki bar yarinya da tarbiyyarta. Ni ban haifi ɗiyar da za ta fizge abu ga hannun babba ba, ƙwallo ko ba ƙwallo ba."

"Yaya, wasa na fa."

"Wasan nan gaban mutane ake yin shi. Gobe a ce ɗiyar wance ba ta da kunya, ke kina can ƙasarku."

Gwaggo ta yi dariya ta goya ɗanta. Ni kuwa na ƙarasa sharar nan kamar zan huda ƙasa. Haushin kowa nake ji, har da kaina. Ga abu mafi kyau da na taɓa gani a duniya zai daina zuwa garinmu, kuma ladabina ne zai kore shi.

Makon mulkin kai gari ya cika. An raba wa 'yan makaranta ƙananan tutoci, ana ta koyon maci da sabuwar waƙa. Cikin baƙin da suka sauka gidanmu har da kakata, mahaifiyar Inna, Bafillata ce mai zama a ruga wajen gulbi, ba ta cika shigowa birni ba. Ta ce ta ji Nasara zai tafi, ta zo ta gani da idonta ko da gaske ne. 'Yar ƙarama ce, ta bushe kamar kara, bakinta kuwa ya fi aska.

Gwaggo ta iso da hantsi, kwana ɗaya kafin wasa. Ta yi sallama, ta durƙusa za ta gaida tsohuwa, da goro a hannunta ta ɓare za ta kai baki. Kaka ta ƙura wa zanen kuncinta ido. Sai kawai ta kai hannu, caraf, ta fizge goron ta jefa a bakinta.

"Wa ya kawo mini baiwata har gida? Ba'ara, tashi ki ɗebo mini ruwa."

Inna ta ce, "Haba Inna, baƙuwa ta!" Gwaggo kuwa ta tuntsire da dariya har da buga cinya.

"Au, ashe akwai Fillo a gidan ga? Shi ya sa nake jin warin nono tun daga zaure. Tsohuwa, ina shanun da kinka sace mana?"

"Ku kun taɓa mallakar saniya? Ko akuya sai kun yi aro."

"Ƙafa kamar sillen kara, ko iska ta taso sai a ɗaure ku ga turke."

Kafin a jima Gwaggo ta zare wa Kaka ɗankwali ta ce sai an fanshe shi, Kaka ta ɗauke mata takalmi ɗaya ta zauna a kai. Na san da wasan da ke tsakanin Fulani da Arawa, kowa ya sani. Abokin wasa ba shi da babba ba shi da yaro, ka ƙwace masa, ka tsaya masa a hanya, ka faɗa masa abin da ka ga dama, ba fushi. Amma ni ban taɓa sa kaina ciki ba, don gidanmu gidan Hausawan birni ne, kuma an riga an ce mini Gwaggo.

Na ce, "Kaka, ni fa? Ni mi ce ce gare ta?"

"Uwargijiyarta mana. Ba jinina ba ce ke?"

Inna ta ce, "A'a. Ɗa na ubansa na. Babanta ya ce gwaggonta ta."

Kaka ta juya ta dube ta. "Nonon wa ta sha, na babanta? Ke nonon wa kinka sha?"

Inna ta koma ga aikinta. Gwaggo ta dube ni ta gefen ido, na ga ta gane inda na dosa.

Ban tsaya cin abinci ba, na koma makaranta. Na tara 'yan wasanmu a bayan aji na ce kowa ta faɗi asalinta, na uwa da na uba har kakanni. Daga nan muka bi matan nan da ke hutawa a inuwa, muna kai musu ruwa muna tambaya cikin ladabi, ke 'yar ina ce, mutanenku su wane ne. Suka yi ta mamaki. Muka samu Zabarmawa biyu, da wata Bayarabiya da iyayenta suka hau daga bakin teku, da wata Babarbariya. Muna da Bagobira, ita ta ce Zabarmawa da Yarbawa duk bayinta ne, ta zaɓa. Wata da uwarta Bagobira ce ta ɗauki ɗaya. Wata 'yar Fulanin gida ta ce a bar mata Babarbariya, dama tana da bashin kakanni a kanta. Saura ɗaya ta rasa abokiyar wasa duk iya tonon da muka yi, muka ce ta yi ta ladabinta, Allah ya ba da lada.

Da muka kai wa Malama sabon tsari ta kama kai. Bagobirarmu ita ce mafi gajarta a makaranta, ga shi ta zaɓi Bazabarma mafi tsawo. Malama ta ce wannan hauka ne, dogo ke tare dogo. Na ce mata, "Malama, kin gwada naki sau biyu." Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa.

Ranar wasa mata sun fi na kullum, har an ƙara tabarmi. Kaka na gaba da sandarta. Aka hura usur. Gwaggo ta taho da lugudenta a hankali, irin tafiyar nan ta wanda ya san za a ba shi hanya. Ƙafata ta fara ja da baya. Sai na ji muryar Kaka ta tsaga filin: "Ke! Baiwa kike ba hanya?" Na ɗaga kai na dubi Gwaggo cikin ido. Ban taɓa ganin idonta sosai ba sai ran nan. Na kai hannu tsakanin tafinta da ƙasa, ƙwallo ta dawo wurina. Na ruga, na jefa, ta shiga.

Ina juyowa na ce, da ƙarfi don kowa ya ji, "Ba'ara, hannunki ya tsufa!" Na ji wasu sun ja numfashi, sai kuma dariya ta fashe daga inda tsofaffi suke, ta bi layi. Can gefe Bagobira ta maƙale wa doguwar Bazabarma kamar ƙaya tana ce mata, "Kawo nan, kayan uwargijiyarki na!"

Gwaggo ta tsaya. Ta sunkuya ta ƙara ɗaure igiyar kambas ɗinta. Ta faɗa wa matanta wata magana da Faransanci, gajeriya. Sannan ta ce mini, "To, Fillo. Bisimilla."

A nan na gane cewa duk abin da na kwana ina tunawa tun bazara, wanda na ɗauka shi ne iyaka, ba wasa ba ne. Miƙa ce kawai take yi. Yanzu ta taho, na tsaya, ta karkata dama na bi ta, sai na ga ba kowa a wurin, ta bi hagu, ƙwallo ta bi ta bayanta ta tarye ta a gaba. Ta sake tahowa, na ce wannan karon ba zan motsa ba, ta tura ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna ta zagaya ta karɓa. Na yi tsalle in tare jifa, ta jira a sama har na sauko, sannan ta saki. Su biyar ɗin suka zama kamar yatsun hannu ɗaya, ba mai kiran wata, ba mai duban wata, ƙwallo na yawo tsakaninsu da saurin da ido ba ya bi. Wani jifan daga tsakiyar fili ta yi shi, ƙwallo ta yi baka a sama ta faɗa raga, shuu. Na tsaya ina kallo baki buɗe har Malama ta daka mini tsawa. Masu guɗa muryarsu ta dushe. Na hango Inna ta miƙe tsaye da ɗan Gwaggo a kafaɗa, ta manta da kanta.

Na sake ƙwace mata ƙwallo kafin a tashi, ta kuma sa na faɗi ƙasa ba tare da ta taɓa ni ba, na goge gwiwa. Sun ci mu, ba kusa ba. Amma rigarta ta jiƙe sharkaf, tana haki, kuma tun da suke zuwa ban taɓa ganin zufa a goshinta ba.

Suka koma gefe suka haɗa kai suna magana da Faransanci, mu muna tsaye muna jira kamar masu jiran hukunci. Doguwar Bazabarma tana nuna musu inda Bagobira ta yakushe ta, suna dariya. Can Gwaggo ta taho tana share fuska, ta ce wa Malama za su dawo bayan an gama girbi. Sannan ta juyo gare ni.

"Ki ci tuwo da yawa kafin nan. Akwai biyu da munka bari gida, don ba mu ga amfanin wahalshe su ba. Wannan karon za mu zo da su."

Na ce, "Sun kai ki?"

"Ni? Ni ce ke ɗaukar musu ruwa."

Kaina ya kasa ɗaukar cewa akwai wadda ta fi abin da na gani yanzu, har biyu, suna can suna yawo a duniya kamar sauran mutane. Sai na tambayi abin da ya fi damuna.

"Su wane iri na?"

"Guda Ba'ara ta, ƙanwata, wannan taki ta, ki yi yadda kinka so." Ta karɓi ɗanta daga hannun Inna ta saɓa. "Gudar kuwa, wadda ta fi, Bafillata ta tsantsa, babu wasa tsakaninku, ta kuma girme ni. Sai ki tambayi tsohuwarki yadda za ki yi da ita."

Na waiga wurin Kaka. Ta kau da kai, ta ce ita ƙwallo ba ta dame ta ba.